'Yan Kwalba Ɗaya

Mutumin da ke kan kujera ya daɗe yana kallon kansa a madubi. Ya karkata wuya dama, ya karkata hagu, sannan ya ce, "Mai Aski, ko na yi maka wani laifi ne ban sani ba?"

"Laifin me fa?"

"To dubi goshina. Wannan layi ne, ko hanyar tururuwa?"

Mai Aski ya ja da baya da reza a hannu, ya ƙura ido. Shi dai a wurinsa layin ya miƙe sambal. Abin da bai miƙe ba shi ne madubin, don gefensa ya yi wani doro a tsakiya. Ƙofar shagon ma haka, kai har falwayar da ke tsallaken titi ta ɗan rusuna kamar mai gaisuwa.

"Madubin nan ne ya tsufa," in ji shi. "Da ma na faɗa wa kafintan nan katakonsa ɗanye ne."

'Yan benci suka tuntsire da dariya. Wani daga cikinsu har ya taso ya shafa gefen madubin daga sama zuwa ƙasa, ya ce lafiyarsa ƙalau, sai dai in mai shi ne ba lafiya. Mai Aski ba ya barin magana ta faɗi ƙasa, nan take ya ce sabon yayi ne, su ne ba su waye ba. Amma ƙarshenta dai sai da ya yi wa bawan Allahn nan ƙwal-kwabo kyauta, ya haɗa masa da hoda da ban haƙuri.

Yana dariya, amma ya san ba laifin madubi ba ne. Shekarun baya haka idonsa na hagu ya fara, da lanƙwasa abubuwa, daga nan wani toka-toka ya zauna a tsakiyarsa bai sake tashi ba. Bai faɗa wa kowa ba, ya ce ido ɗaya ma ya isa aski. Yanzu ga shi abin ya ƙwanƙwasa wa na daman, wanda da shi ake ci da sha a gidansa.

* * *

Matarsa, wadda yake kira Hukuma tun suna amarci, ba ta yi dariya ba da ya ba ta labarin. Ta ajiye wankin da take ninkewa, ta zo ta rufe masa idon dama da tafin hannunta.

"Me nake yi da fuskata?"

"Murmushi mana. Yaushe kika taɓa kallona ba ki yi ba?"

"Harararka nake yi, Baban Auta. Tun yaushe?"

Ya fara kame-kame. Ta ce ya adana bayaninsa ya kai wa likita, kuma gobe shago a rufe yake. Hukuma in ta yanke hukunci ba a ɗaukaka ƙara.

A babban asibiti aka ɗiga masa magani har duniya ta yi masa fari fat, aka sa shi ya ɗora haɓa a kan wata na'ura, aka ɗauki hoton bayan idonsa. Likitar, wata mace mai sanyin murya, ta daɗe a kan hoton, sannan ta nemi izininsa ta kira ɗalibanta. Suka yi layi, kowa ya leƙa ya jinjina kai. Ta ce irin wannan ciwon ba kasafai ake ganinsa ba, ita kanta tun da ta fara aiki ba ta ga masu shi da yawa ba.

"Kin ji ko?" ya ce da Hukuma. "Ko a ciwo ma mijinki na musamman ne."

Likita ta yi masa bayani dalla-dalla. Can bayan ido akwai wani siririn tantani inda hoton duk abin da mutum ya kalla yake sauka. A ƙarƙashin nasa wasu ƙananan jijiyoyin jini ne suke tsirowa inda ba a gayyace su ba, suna yoyo, ruwan yana ɗaga tantanin, shi ya sa miƙaƙƙe yake zama lanƙwasasshe. Na hagu ya riga ya yi tabo, kuma tabo ba ya komawa. Na dama ana iya riƙe shi, muddin ana masa allura duk wata ba fashi.

"Allura ai ba komai ba ce," in ji Mai Aski, yana naɗe hannun riga.

"Ba a hannu ba, Malam. A cikin idon."

Ya warware hannun rigarsa a hankali, ya ɓalla maɓallin.

* * *

Maganin a 'yar ƙaramar kwalba yake zuwa, ga shi da wuyar samu, kuma in an huda kwalbar a ranar ake gamawa da ita. Saboda haka asibitin yake tara mutum takwas, a raba musu kwalba ɗaya sirinji-sirinji, rana ɗaya a wata. Ba ragi, ba ƙari. Su takwas ɗin nan sai suka zama kamar dangi, har ma'aikata suna ce musu 'yan kwalba ɗaya.

Akwai Direba, wani ƙaton mutum da ya yi rabin rayuwarsa a kan babbar mota kafin ciwon suga ya taɓa masa ido. Akwai Malama, tsohuwar shugabar makaranta, wadda har yanzu in ta yi gyaran murya sai kowa ya gyara zama, har Nas ɗin da ke kiran mutane.

Ranar farko, duk lokacin da Nas ta kira shi, Mai Aski cewa yake da na kusa da shi, "Bismillah, ai kun girme ni." Da aka zo kan wata matashiya sai ya ce mata ake fara ba wa hanya. Direba, da ya fito da filasta a ido, ya dube shi da ɗayan ya ce, "Wanzami ba ya son jarfa. Kai da kake ɗora wa mutane reza a maƙogwaro kullum?"

"Ladabi ne, ba tsoro ba."

"To ladabin ne yake kaɗa maka gwiwa?"

Da ba sauran wanda zai ba wa hanya, ya shiga. Aka kwantar da shi, aka wanke idon, aka ɗiga maganin kashe zafi, aka sa wani ɗan ƙarfe ya riƙe fatar idon a buɗe. Likita ta ce ya kalli sama ta wajen hagu kada ya motsa. Ya ɗauko wata doguwar addu'a, bai kai rabinta ba ya ji an ɗan danna, sai ga wasu baƙaƙen ɗigo suna iyo a gabansa.

"An gama," in ji Likita.

"An gama me?"

Ya fito yana taku ɗai-ɗai, ya shaida wa jama'a cewa shi da ma ya san abin ba komai ba ne. Malama ta ce Allah ya shirye shi.

Tun daga ranar na ƙarshe ya zama gurbinsa, ba don tsoro kuma ba. Shi yake zama kusa da duk wanda jikinsa ke ɓari, ya cika shi da labari har ya manta inda yake, ya raka shi bakin ƙofa. Yakan ce wa sabon zuwa allurar ba ta kai cizon sauro ba, kuma ita aƙalla ba ta yi wa mutum waƙa a kunne. Yana zuwa da almakashi a aljihu ya rage wa Direba gashin baki a kan benci, Nas tana faɗa tana dariya. Da wata ya yi nisa Malama za ta bi su ɗaya bayan ɗaya a waya, ta ce wanda ya makara zai yi tsallen kwaɗo.

Kuma maganin ya karɓe shi. Bayan allura ta biyu ƙofar shago ta miƙe, bayan ta uku falwaya ta daina gaisuwa. Wata safiya ya dubi 'yarsa Auta tana shirin makaranta, ya ce, "Ke, yaushe haƙorin nan ya fita?" Yarinyar ta ce ai har wani ya fara tsirowa. Ya riƙe haɓarta yana ta kallon ɗan farin abin nan, daɗi ya cika shi, ya ɓuge da yi mata faɗan ba ta goge takalmi ba.

* * *

A cikin masu zuwa shagonsa akwai wani da ake kira Darakta. Ba wanda ya san takamaimai abin da yake darektawa, amma motarsa tana toshe rabin titi, kuma bai taɓa sanin ɗumin bencin shagon ba. Da ya sako kai Mai Aski zai karkaɗe ƙyalle ya ce, "Ranka ya daɗe, bismillah," wanda ke kan layi kuma ya haɗiye maganarsa. Haka aka saba, kuma shi Mai Aski bai taɓa ganin aibin abin ba. Babban mutum ai ba ya jira.

To, shi mai aski hannunsa da bakinsa tare suke aiki. Ranar nan yana gyara wa Darakta fuska yana ba shi labarin allura, da ƙarin gishiri daidai gwargwado: tsawon allurar ya ninka, jarumtarsa ma haka.

Darakta ya ɗaga hannu, reza ta tsaya. "Ka ce ido ya washe?"

"Tar, ranka ya daɗe. Yanzu ina iya ƙirga maka furfurarka, in ba za ka yi fushi ba."

"Baba yana fama da irin wannan. An ce sai allurar, mun nema an ce babu. Wace rana kuke yi?"

Mai Aski ya zazzage masa komai, da ranar, da ɗakin, da ƙofar da ta fi kusa da inda ake ajiye mota. Ya ji daɗi ƙwarai, yau ga shi yana yi wa babban mutum hanya. Ya ƙara da cewa sai dai akwai masu jiran gurbi da yawa, Baba zai ɗan yi haƙuri kafin a haɗa musu tasu kwalbar.

"Jira kuma," in ji Darakta, ya yi murmushi ya mayar da kansa jikin kujera.

* * *

Ranar kwalba ta zagayo. Da safe aka ɗauki hoton idon kowa kamar kullum, Likita ta ɗan ɓata fuska a kan nasa. Ta ce ruwan ya fara dawowa, irin nasa ciwon ba ya son wasa, yau ba ranar fashi ba ce. Nas ta sa biro ta yi masa 'yar alama a saman girar dama, kamar yadda take yi wa kowa don kada a soki idon da ba shi ba.

Aka yi ta shiga ana fitowa. Ya raka na bakwai bakin ƙofa, ya dawo yana tsokanar Direba cewa filasta ta fi yi masa kyau a kan tabarau. Sai ga Darakta ya shigo, yana riƙe da hannun wani dattijo siriri mai rawar jiki, a gefensu kuma wani babba na asibitin, ya sha lakataye, yana ta washe baki.

"Ga mutumina," in ji Darakta, ya dafa kafaɗar Mai Aski. "Baba, wannan ne ya ba mu labari."

Mai lakataye ya shige ciki. Ta ƙofar da ba ta rufu sosai ba aka ji muryar Likita tana cewa sirinji ɗaya ya rage kuma yana da mai shi. Aka ji mai lakatayen yana cewa an duba hoton dattijon, shi ma yana bukata, kuma daga sama aka bugo waya. Daga nan sai ya ce, "To in mai shi ya yarda fa?"

Suka fito tare. Mai lakataye ya yi bayani da murya mai zaƙi, ya ce wata kwalbar tana hanya, cikin satin nan za a kira Mai Aski, shi da kansa ya ɗauki alkawari. Darakta ya ce, "Ai ba sai an yi dogon zance ba, namu ne. Ba zai ƙi Baba ba."

Likita ta tsaya a gaban Mai Aski. "Malam, taka ce. Ka ji abin da na faɗa maka da safe. In ka ce a'a, yanzu zan yi maka."

Malama ta yi gyaran murya. "Ka ce a'a," in ji ta, ba ta ko rage sauti ba. "Kunyar marar kunya asara ce."

"Da ban riga na shiga ba, wallahi da na ba da tawa," in ji Direba. "Kai naka ba irin namu ba ne. Tashi ka shiga."

Mai Aski ya buɗe baki. A'a ɗin tana nan a kan harshensa, ya ji nauyinta. Amma a rayuwarsa bai taɓa faɗa wa mai irin wannan mota ita ba, bai ma san ta inda ake fara ta ba. Ga mutane sun zuba masa ido, kowa da guda ɗaya. Ana cikin haka dattijon, wanda bai san abin da ake ciki ba, ya lalubo hannun rigarsa ya riƙe.

"Ɗana, kai ka saba. Wai da zafi?"

Kafin Mai Aski ya yi shawara da zuciyarsa, bakinsa ya riga ya kama aikin da ya saba.

"Haba Baba, ko cizon sauro bai kai ba. Ita kuma ba ta waƙa a kunne."

Tsohon ya yi dariya. Mai Aski ya tashe shi, ya raka shi har bakin ƙofa yana gaya masa ya kalli sama ta wajen hagu, dattijon yana ta sa masa albarka. Likita ta dubi Mai Aski, sannan ta juya ta shiga. Malama ta ɗauki jakarta ta fita ba ta yi wa kowa sallama ba.

Da ya isa gida Hukuma ta ga alamar biro a girarsa, ba ta ga filasta ba. Ya fara ba ta labarin da sigar ban dariya, ya kai tsakiya ya ga ba zai kai ƙarshe ba. Ta jiƙa tsumma ta goge masa alamar, tana gogewa hawaye yana zubo mata.

* * *

Satin ya wuce ba a kira ba. Ya je, aka ce kaya suna hanya. Ya nemi mai lakataye, aka ce yana taro, da ya koma aka ce ya yi tafiya. Ranar kwalba ta wata mai zuwa ma aka ɗaga ta, don maganin bai iso ba. Malama ta yi ta buga waya har ta gaji, Direba ya zagaya da shi wasu asibitoci biyu a motar aro, ko'ina aka ce ai sai can inda ya saba. Shi kuwa kullum da safe sai ya rufe idon hagu ya duba duniya, yana ganin tokar tana faɗi kaɗan-kaɗan.

Da kwalbar ta iso, shi Nas ta fara kira, kuma bai ce wa kowa bismillah ba. Likita ta yi masa allurar, amma ta gaya masa gaskiya. Tsakiyar ta yi tabo. Za su ci gaba don a tsare masa gefe-gefen, zai ga hanya, ba zai yi karo da bango ba.

"To ai shi ke nan," in ji shi. "Da ma fuskokin unguwarmu ba wani abin kallo ba ne." Nas ta yi ƙoƙarin yin dariya don ta taya shi.

Bai rufe shago ba. Ya ajiye reza, ya koma aski da inji kawai, irin wanda ake bi da lalube. Wasu sun sauya sheƙa, wasu sun tsaya saboda sabo da kuma hira, don bakin nan dai ba abin da ya same shi.

Wata ranar Asabar, benci a cike, ya ji tsayawar motar da ya sani. Ƙamshin turare ya riga mai shi shigowa.

"Mutumina, kwana biyu. Ka ga Baba kuwa? Jarida yake karantawa yanzu, ba ya ko neman tabarau. Kullum sai ya sa maka albarka."

"Madalla. Allah ya ƙara masa lafiya."

Ya daɗe yana shirya wata magana a ransa saboda wannan ranar, gajeriya ce, ba zagi a cikinta: ranka ya daɗe, akwai mutane a gabanka. Ya juya wajen benci don ya nuna wanda ke kan layi. Amma mutumin, da ya riga ya miƙe, har ya koma ya zauna.

"Ranka ya daɗe, ka fara," in ji shi. "Mu ba sauri muke ba."

Kujera ta yi ƙara, Darakta ya zauna ya cire hula. Mai Aski ya yafa masa ƙyalle ya ɗaure a wuya.

"Naka idon fa? Ai an yi maka daga baya ko?"

"An yi."

"To ka gani. Da ma na ce ba wani abu."

Mai Aski ya tsaya a bayansa ya dubi madubi. Yana ganin hular a kan gwiwarsa, yana ganin agogon, yana ganin takalman suna sheƙi a kan matakin kujera. Fuskar ce kawai babu. Ya kunna inji, ya ɗora yatsunsa a goshin Darakta, yana laluben inda gashi ya fara.